Yadda Ake Shirya Gasar Kacici-Kacici a Kan Fina-Finai da Tarihi a Unguwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Tudun Wada, ko a wata majalisa a Kwarbai, a nan Zariya, ya san yadda gardama take tashi daga ɗan abu. Wannan ya ce a Sin aka haifi Bruce Lee, wancan ya ce a'a, a Hong Kong ne, a yi ta rantse-rantse har shayi ya huce, alhali babu wanda ya dace a cikinsu: a San Francisco ta Amurka aka haife shi, a 1940. Wannan son gardamar da muke da shi dukiya ce da muke bari tana zubewa a ƙasa. Idan aka yi mata tsari, aka sa alƙali da maki da 'yar kyauta, sai ta koma gasar da yaro da kakansa za su zauna a benci ɗaya kowa yana buƙatar ɗan'uwansa.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne, za ka sami yaro a Babban Dodo da zai jero maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma bai san wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'ar da ke ƙofar fada ba. Ban ga laifinsa ba, domin ba a taɓa ba shi labarin ta hanyar da za ta ja hankalinsa ba. Ga yadda ake shirya gasar, tun daga ranar da tunanin ya zo maka har zuwa mayar da bencina.

Mataki na 1: san waɗanda za ka tara, sannan ka nemi wuri

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, lissafa su wa za su zo. Abin da zai motsa ɗaliban Samaru da Kongo ba shi ne zai motsa dattawan Limancin Kona ba, kuma taron Sabon Gari ko Wusasa, inda Musulmi da Kirista da ƙabilu daban-daban suke zaune tare, yana son tambayoyin da kowa zai ga nasa a ciki. Gasar da ta fi armashi ita ce wadda aka gauraya manya da yara.

Ka je wurin mai unguwa da kanka ka gaya masa abin da kake nufi. Idan filin firamare za ka ara, ka ga hedimasta. Kada ka aika yaro, kada kuma ka bari sai ana gobe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci biyu ne suka fi dacewa: bayan La'asar zuwa gab da Magariba, ko bayan Isha'i idan za ka haska hotuna da majigi, tunda shi sai da duhu. Ka kauce wa yammacin Asabar da Lahadi a kakar ƙwallon Turai, don gidajen kallo za su kwashe maka samari. A watan Agusta ka nemi aji ko zaure mai faɗi saboda ruwa. A Disamba da Janairu kuwa, sanyin daren Zariya yana korar tsofaffi da wuri, sai ka yi da rana.

Mataki na 2: tara tambayoyi

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka kashe yawancin kwanakinka. Sayi littafin rubutu guda, ka ware wa kowane fanni shafuka. Kana buƙatar tambayoyi 40 na gasa da kamar 10 na ajiya, amma ka tara 70 don ka sami na zubarwa.

Fara da gida. Zariya garin takarda ce, tarihinta cike yake da abubuwan da mutane suke wucewa ta gabansu kullum ba su sani ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta. Kamfanin Gaskiya da unguwar Gaskiya ta ci sunansa an kafa shi a 1945. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, shugabanta na farko Norman Alexander mutumin New Zealand ne, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta kuma Ishaya Audu. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke wajen Palladan, 1964. Masallacin da na ambata, Muhammadu Durugu da aka fi sani da Babban Gwani ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Gidajen sarauta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Marigayi Shehu Idris ya shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ƙwarai: “Wace alaƙa ce tsakanin Zazzau da sunan babban birnin Nijeriya?” Amsar tana da labari. Da masu jihadi suka ci Zazzau, Sarkin Haɓe Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka riƙa kiran garin da sunansa, Abuja. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja. Irin wannan tambayar, ko wanda ya faɗi ya tafi gida da wani abu a hannu.

Daga nan ka shiga fina-finan Hausa. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na kasuwa. Amma tun kafin kaset akwai fim: Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim a 1976, littafin kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi don gasar rubutun 1933, tun yana malamin makaranta. Ka ga tambaya ɗaya ta haɗa fim da adabi da siyasa: “Wane firayim minista ne aka mayar da littafinsa fim?” Sunan Kannywood kansa Sunusi Shehu Daneji ne ya ƙirƙire shi a mujallar Tauraruwa a 1999, shekara uku kafin kalmar Nollywood ta bayyana a jaridar New York Times a 2002. Mutane da yawa suna zaton namu ne ya kwaikwayi nasu, don haka tambayar “wanne ya riga wani” tana kayar da rukuni da dama. Ga kuma fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya hau Netflix a 2021, wanda ya shafe mu kai tsaye.

Rediyo da talabijin filin dattawa ne, kada ka tauye musu shi. Tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan aka buɗe ta a 1959, ta Kaduna ta biyo a 1962, NTA kuma aka kafa ta a 1977. Tambayi sunan gaskiya na Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne da gaske kafin ya riƙa fitowa a soja. Tambayi wanda ya fito a Karambana, Kasimu Yero. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007, sai ka ce a jero su daga babba zuwa ƙarami. Don yara su ma su sami abin cewa, ka sako Arewa24 da ta fara a 2014 da shirye-shiryenta masu dogon zango.

Fina-finan Indiya kuwa, kada ka kuskura ka shirya gasa a ƙasar Hausa babu su. Ga wadda take sa wuri ya kaure: a Mother India na 1957, Nargis ce uwa, Sunil Dutt ne ɗanta a fim. Wuta ta tashi a wurin ɗauka, ya shiga ya cece ta, a 1958 suka yi aure, su ne kuma iyayen Sanjay Dutt da masu zuwa silima a nan suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin. Fim ɗin Indiya na farko mai tsawo, Raja Harishchandra na 1913, maza ne suka fito a matsayin mata a cikinsa. Sholay na 1975 ya shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Bombay.

Sauran duniya ka tsakuro abin da mutanenmu suka kalla da idonsu. Fim ɗin tarihin Musulunci na Moustapha Akkad, The Message na 1976, sau biyu aka ɗauke shi a lokaci guda, da Larabci da Turanci, kowanne da nasa 'yan wasan. Anthony Quinn, haifaffen Meziko, shi ya fito a Sayyidina Hamza a na Turancin, shi ne kuma ya sake fitowa a Umar Mukhtar, gwarzon Libiya da Italiya ta rataye a 1931. Jirgin Titanic ya nutse a Afrilun 1912, fim ɗinsa ya fito a 1997 ya ci kyautar Oscar 11. Nunin fim da aka fi lissafawa a matsayin mafarin silima, 'yan'uwan nan Lumière suka yi shi a Faris a Disambar 1895, shekara takwas bayan haka, a 1903, aka nuna fim a Legas.

Fanni na ƙarshe shi ne abin da ke aljihun kowa. Hoton wa ke bayan naira ashirin? Ladi Kwali, maginar tukwane. Su wa ke jikin naira dubu? Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Yaushe aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo? Ranar 1 ga Janairu 1973. Wa ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya? Rashidi Yekini, a ragar Bulgeriya a 1994, kuma a Kaduna aka haife shi.

Abubuwa huɗu ka bar su a waje: hukuncin addini, siyasar jam'iyya, auren 'yan fim da mutuwar aurensu, da duk tambayar da za ta fifita wani gidan sarauta a kan wani. Waɗanda ake magana a kansu suna da 'ya'ya da jikoki, wataƙila ma suna zaune a bencin gabanka.

Mataki na 3: tantance kowace amsa

Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, shi ne kuma yake ɓata taro. Dokar ita ce kowace amsa sai ka same ta a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Saƙon WhatsApp da aka yi ta turawa ba hujja ba ne, haka rubutun Facebook da babu sunan wanda ya yi shi. Kana Zariya, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ga malaman tarihi da na Hausa a makarantu, ga dattawan fada. Abin da ya shafi fim, duba rubutun da ke tashi a farkonsa ko ƙarshensa. A ƙarƙashin kowace amsa a littafinka ka rubuta inda ka samo ta, domin ranar gasa za a tambaye ka.

Ko amsar gaskiya ce, yadda aka yi tambayar yana iya haifar da rigima. Na taɓa tambaya a wata gasa: “A wace shekara aka kafa Kwalejin Barewa?” Rukuni ɗaya suka rubuta 1921, wani suka rubuta 1949, kowa kuma da hujjarsa, domin a Katsina aka kafa makarantar a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta zo Zariya a 1949. An ɗauki lokaci kafin wuri ya lafa, ƙarshe aka soke tambayar. Da cewa na yi “A wane gari aka fara kafa makarantar da yau ake kira Barewa?” da babu wanda zai ɗaga murya. Kuma Barewa tana da tambayar da ta fi wannan daɗi: ambaci uku daga cikin shugabannin ƙasa biyar da suka yi karatu a cikinta, wato Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru 'Yar'aduwa.

Tarihin baka yana son nasa lafazin. Labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku da ƙanwarta Zariya da aka ce garin ya ci sunanta, da baki ya zo mana, kuma masana sun saɓa a kan shekarun. Saboda haka kada ka tambayi shekara. Ka ce, “Bisa ga tarihin da aka gada, wace ce ƙanwar Amina da aka ce birnin nan ya ci sunanta?” Haka batun Bayajida da Hausa Bakwai: jero Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram tambaya ce mai kyau, amma neman ranar da aka kashe macijiya a rijiyar Kusugu neman rigima ne.

Ka kiyayi kalmomin “na farko”, “mafi girma”, “mafi tsada” sai inda ka tabbata. Ka kiyayi kuma tambayar da amsarta take canzawa, irin wane ne ya fi mabiya a Instagram. Abin da yake daidai ranar da ka rubuta yana iya zama kuskure ranar gasa.

Mataki na 4: gyara lafazin tambaya

Karanta kowace tambaya da ƙarfi. Idan numfashinka ya ƙare kafin ka kai ƙarshe, ta yi tsawo. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Rubuta a gefe irin amsoshin da za ka karɓa: idan amsar Rabilu Musa ce, wanda ya rubuta Ibro ya ci ko bai ci ba? Yanke wannan a gida, kada ka bari sai a gaban jama'a.

A cikin kowace goma, uku su zama masu sauƙi da kowa zai amsa, biyar matsakaita, biyu masu wuya. Gasar da aka cika ta da tambayoyin da babu mai iya amsawa, mai shiryawa ne kawai yake jin daɗinta, sauran mutane zamewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Idan tambaya ta yi wuya amma labarinta yana da daɗi, ba ta zaɓi uku. Misali: “Jirgin ƙasan da ake kira Bauchi Light Railway, daga Zariya ina yake zuwa: Bauchi, Jos, ko Gusau?” Yawanci Bauchi za a ce saboda sunan, amsar kuwa Jos ce, ƙasar kuza, kuma an rufe layin a 1957.

A ƙarƙashin kowace amsa ka tanadi jimla biyu ko uku na labari da mai gabatarwa zai faɗa bayan an bayyana ta. Wannan ɗan labarin shi ne ribar taron gaba ɗaya. Idan amsar majigi ce, a gaya wa yara cewa kafin gidajen silima su yawaita mota ce take yawo gari-gari da farin kyalle ana haska wa mutane fina-finan noma da tsabta a fili, sannan a bar wani dattijo da ya kalla ya ƙara nasa.

Kafin ranar, gwada tambayoyin a kan mutum biyu da ba za su shiga gasar ba, babba ɗaya yaro ɗaya. Wadda duka biyun suka kasa gane abin da take nufi, sake rubuta ta ko ka zubar.

Mataki na 5: jera zagaye

Zagaye biyar, kowanne tambaya takwas, yana cin kamar awa ɗaya da rabi. Buɗe da fina-finan Hausa don kowa ya sami maki jiki ya saki. Tarihin Zazzau na biyu, tun hankali bai gaji ba. Na uku zagayen sauti da hoto, na huɗu Indiya da sauran duniya, na biyar gauraye.

Zagayen sauti ya fi kowanne tashin wuri. Yanko daƙiƙa goma-goma na kiɗa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, ka ce a faɗi mai kiɗan da abin kiɗan: kalangun Shata, kuntigin Ɗan Maraya, kotson Narambaɗa, ƙwaryar Barmani Choge. A nan ne za ka iya ƙara cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ka kuma tambayi sunan makahon sha'irin Zariya mai waƙoƙin Imfiraji, Aliyu Namangi. Na hoto kuwa, zagaya da wayarka ka ɗauko Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, dutsen Kufena, tsohuwar tashar jirgi, amma ɗan yanki kawai na kowanne, ka ce a gane wurin. In babu majigi, buga hotunan a takarda ka raba wa kowane rukuni. Duk sautin ka sauke shi a waya tun a gida, kada ka dogara da sabis.

Mataki na 6: rukuni da dokoki

Rukuni shida, kowanne mutum huɗu ko biyar. Sharaɗin da nake ganin ya fi kowanne amfani: kowane rukuni ya ƙunshi wanda ya haura hamsin da wanda bai kai ashirin ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ranar da aka tambayi wani shiri na YouTube, Baba zai juya ya kalli jikansa. Mata su sami nasu rukunonin da wurin zama na daban idan haka al'adar unguwar take. A zagayen fina-finai ka sa ido, sau da yawa su suke kwashe makin.

Amsa a rubuce ta fi ɗaga hannu, don kowane rukuni yana amsa kowace tambaya kuma mai ƙarfin murya ba ya danne kowa. Ba kowane rukuni takarda mai lamba 1 zuwa 8 a kowane zagaye. Daƙiƙa 30 ga tambaya. Maki biyu ga amsa cikakkiya, ɗaya ga rabi. Kuskuren rubutu ba ya kayar da amsa muddin an gane abin da ake nufi, kuma wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami.

Waya ita ce babbar matsala. Ajiye kwano ko leda a gaban kowane rukuni, kowa ya saka tasa a ciki a gaban idon jama'a. Wanda yake jiran kira na gaggawa ya ba alƙali tasa. 'Yan kallo ma a roƙe su kada su jefa amsa, in an jefa a soke tambayar a ɗauko ta ajiya. Karanta dokokin nan tun farko, kowa ya ji, kafin a san wanda zai ci.

Mataki na 7: ranar gasa

Mutum huɗu suka isa: mai gabatarwa, alƙali, mai duba takardu da rubuta maki a allo, da mai kula da lasifika da agogo. Alƙali ya zama mutumin da unguwa take jin nauyinsa, malamin makaranta ko wanda ya yi ritaya, kuma ba shi da ɗa a cikin masu gasa. Littafin amsoshi a hannunsa zai zauna. Ku zo awa ɗaya kafin lokaci ku gwada lasifika, ku tanadi janareto ko batir mai caji, alli, biro da ruwan sha.

A buɗe da addu'a da gaisuwa ga manya. Mai gabatarwa ya karanta kowace tambaya sau biyu a hankali. Bayan kowane zagaye a karɓi takardu, sannan a bi amsoshin ɗaya-ɗaya da labarinsu, a rubuta maki a allo kowa yana gani.

Gardama za ta zo, kuma yawanci daga dattijo. Zai miƙe ya ce, “Yaro, ba haka ba ne, ni ina nan aka yi.” Kada mai gabatarwa ya yi musu da shi. Ya ce, “Allah ya ƙara girma, Baba, mun ji. Bari Malam ya duba.” Alƙali ya karanta inda aka samo amsar. In hujjar Baba ta fi ƙarfi, a ba shi makinsa a fili a kuma gode masa. In abin ya rikice, a soke tambayar, a ce, “Baba, bayan an tashi za mu zo gida mu ji sauran.” Kuma ku je ɗin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma rabin tambayoyin gasa ta gaba a irin wannan zaman ake samo su.

In an yi kunnen doki, yi tambayar lamba, wanda ya fi kusa ya ci: “Shekara nawa Bruce Lee yake da ita lokacin da ya rasu a 1973?” Amsa 32. Ko, “A wace shekara Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama?” Amsa 1972.

Mataki na 8: kyauta da tashi

Kada kyauta ta yi girman da za a yi faɗa a kanta. Littattafan Hausa, katin waya, turmin atamfa, 'yar rediyo, sun isa. Kuɗi a hannu yana jawo magudi da zargi. Nemi taimakon masu shaguna na unguwa, a ambaci sunansu a gode musu. Ware wata 'yar kyauta ga mafi ƙanƙantar shekaru da ya shiga, da wata ga rukunin ƙarshe don su dawo. Mai unguwa ko babban dattijon wurin shi zai miƙa.

Ku tashi kafin kiran salla. A share wurin, a mayar da bencina da tabarmi inda aka aro su a ranar. Da dare, tun abin yana sabo a kanka, buɗe littafin ka yi alama a gaban kowace tambaya: rukuni nawa suka ci ta, wacce ta jawo dariya, wacce ta jawo gardama. Wadda kowa ya ci da wadda babu wanda ya ci, duka ka cire su. Sauran ka ajiye, za su yi maka aiki idan mutanen Gyallesu ko Hanwa suka ce ka zo ka shirya musu tasu.